Baba Filibus Yana Firji

Laraba, 4 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Yau kwana uku Baba yana firji. Na rubuta ne don in gani da idona, ko zan yarda. Baba Filibus, dattijon Cocin Masu Gadi, wanda da hannunsa ya wanke kusan kowane namiji da ya mutu a cocin nan, shi ne kwance a ɗakin sanyi na asibiti da lamba ɗaure a yatsan ƙafa.

Ranar Lahadi ya tafi, dawowarmu daga sujada ke nan, a kan kujerarsa, hularsa a gwiwa. Kafin a kira azahar Malam Husseini, amininsa na shekara sittin, ya iso ƙofarmu da makarar masallaci da maza huɗu, yadda aka saba yi wa duk ɗan cocinmu. Ni kuma waya tana kunnena, ƙanena Irmiya yana kuka daga Italiya. "Yaya, don Allah kada ki sa shi a ƙasa ban gan shi ba. Takarduna sun kusa fitowa. Mako biyu kawai, Yaya." Shekara goma sha ɗaya rabonsa da gida. In ya fito ba takarda, ba zai iya komawa wurin matarsa da 'ya'yansa ba.

Makarar ta koma. Abin da na faɗa a ƙofa ba zan rubuta shi ba.

Juma'a, 6 ga Oktoba, sha ɗaya na safe

Na fita da koko yau, don zaman ɗaki zai haukata ni. Rabin tukunya na dawo da ita. Mutane suna wucewa, su ce "Liyatu, ya haƙuri," su ƙara sauri. Ban ga laifinsu ba. A unguwarmu ta Maamobi, nan Accra, sai an binne ake shimfiɗa tabarma a zauna makoki. To ba a binne ba. Za su ce "Allah ya sa ya huta" ne, alhali kowa ya san inda yake?

Tsakar gidanmu fayau. Ko kujera ɗaya ba a fitar ba.

Kwanon Safara'u bai zo ba. Tun muna 'yan mata kullum sai ta aiko da shi in zuba wa babanta, Malam Husseini, kokona, mai citta sosai, ba sukari. Sai yau aka fasa.

Lahadi, 8 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Mu ashirin da shida ne a sujada. Kujerar Baba a gaba, babu wanda ya taɓa ta.

Fasto Boateng ba mugun mutum ba ne, in faɗi gaskiya. Shekara biyu ke nan da babbar ikilisiya ta turo mana shi, kuma ya dage da koyon Hausa har yana wa'azi da ita, ko da yake rabin abin da yake faɗa sai mun gyara a zuci. Amma shi a garinsu gawa takan yi wata shida a firji, ba wanda zai ɗaga gira. Yau fuskarsa har wani haske take yi. Wai za a kafa kwamiti, a zaɓi atamfar da kowa zai ɗinka, a buga fosta, a kawo masu busa ƙaho, a tare titi da rumfuna. "Papa babban mutum ne paa," in ji shi. "Dole duk Accra ta ji."

Sai Mama Damaris ta dafa sandarta ta miƙe. Ita kaɗai ta rage cikin matan farko. Ba ta nemi izini ba. Ta ce a bari ta gaya wa yaro abin da bai sani ba.

Na san labarin kamar sunana, amma yau sai ya zama kamar ni ake yi wa shari'a. Masu gadi ne suka kafa cocin nan, 'yan Maradi da 'yan Bauchi, suna kwana a ƙofar shagunan mutane, da safe su taru a rumfar wani kafinta su yi addu'a da Hausa kafin su je barci. Sun kai ɗari biyu da iyalansu. Da gwamnati ta kori baƙi daga ƙasar nan a shekarar sittin da tara, motoci suka kwashe su, maza bakwai suka rage. Baba yana cikinsu don gidan su Malam Husseini sun ɓoye shi a ɗakin ajiyar hatsi. A watan nan ɗaya cikin bakwai ɗin ya mutu. Ba kafinta, ba akwati, ba masu ɗauka. Maƙwabta suka kawo makara da farin yadi, suka tsaya a waje har aka gama addu'a, suka sa kafaɗa. Daga ranar dattawa suka yanke: gawar ɗan cocin nan ba ta kwana. Namu su wanke, maƙwabta su ɗauka. In nasu ya mutu, mazanmu ne ke fara kama shebur.

"Shekara hamsin da huɗu," in ji Mama Damaris, "ba mu taɓa saɓawa ba. Sai a kan wanda ya kafa dokar."

Ba ta kalle ni ba. Gara ma ta kalle ni.

Sababbin zuwa, waɗanda suka shigo cocin a 'yan shekarun nan, suna tare da Fasto. Ɗaya ta ce a bayana, da ƙarfi don in ji, wai sai yaushe za mu daina kwaikwayon Musulmi. Na juya na ce mata lokacin da ake wannan kwaikwayon uwarta ba ta san hanyar Accra ba. A cikin coci na faɗa. Bakin nan nawa shi zai kashe ni.

Laraba, 11 ga Oktoba, da hantsi

Irmiya ya ce lauya ya ce mako mai zuwa.

Asabar, 14 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Dumso tun safe. Wutar lantarki tana ɗaukewa na tuna Baba a firji. Na bar ƙosai a mai, na hau trotro, motar haya, har asibiti kamar mahaukaciya, zane a karkace. Ma'aikacin wurin ya yi dariya, ya ce, "Maa, muna da janareto, babanki yana nan kalau." Kalau! Na ce ya buɗe mini.

Ya jawo shi kamar aljihun tebur.

Baba bai taɓa shan ruwan sanyi ba a rayuwarsa. Ya ce sanyin da ya sha a shekara talatin na gadi ya ishe shi har Ranar Tashi. Ko a watan Maris da rigar sanyi yake kwana. Na tafi da bargonsa a leda, ban ma san na ɗauka ba. Mutumin ya ce ba a yarda ba. Na dawo da shi.

Lahadi, 15 ga Oktoba, bayan sujada

Mu sha tara ne yau. Mama Damaris da 'yan gidanta ba su zo ba. Ta aiko a ce mini ba za ta yi waƙa a ɗakin da dattijonsa ke kwance a kan ƙarfe ba.

Talata, 17 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Mako biyun sun cika shekaranjiya. Irmiya ya ce ofishin ne suka ɗaga. Ya yi ta ba ni labarin ranar da Baba ya raka shi tasha, yadda ya cusa masa ƙuli-ƙuli a jaka, ya ce masa, "Ka dawo ka same ni." Yana faɗa yana shessheƙa. Ni na goya yaron nan bayan Mama ta rasu. In ya yi kuka har yanzu bayana ne ke amsawa. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, Baba yana jiransa.

Baba ya gaya mini ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, yadda yake so. Irmiya ma ya sani. Ba mu taɓo wannan ba.

Alhamis, 19 ga Oktoba, sha biyu na rana

Na tare Safara'u a lungun bayan masallaci, tana dawowa daga niƙa. Na ce, "Haba Safara'u, har yaushe?" Ta sauke roba a ƙasa, ta riƙe ƙugu.

"Har yaushe me? Liya, kin san abin da kika yi kuwa? Tsoho mai shekara tamanin da bakwai, ƙafa ba lafiya, ya taso da kansa. Yadin ma shi ya saya, tun bara yake ajiye da shi a ƙarƙashin katifa, don sun yi alkawari da babanki duk wanda ya riga tafiya ɗayan ne zai suturta shi. Kika tsaya a ƙofa, gaban 'ya'yansa, gaban duk layi, kika ce, 'Ku ɗauke katakonku, wannan ba gawarku ba ce.' Katako, Liya! Abin da aka ɗauki uwarki a kai!"

To, ga shi nan. Ita ta faɗa, ni na rubuta.

Na ce kaina ne ya ɗau zafi, yaro yana ihu a kunnena, su kuma suna ta cewa lokaci yana tafiya. Ta ce ta sani. Ta ce ba fushi yake yi ba kraa, ko kaɗan, shi ne abin da ya fi ƙona mata rai. Ya daina fita ƙofar gida ne kawai. Kullum in ya idar da asuba sai ya tambaya, "An binne Filibus?" A ce a'a. Sai ya juya fuska bango.

"Ki zo ki same shi," in ji ta. Na ce zan zo.

Juma'a, 20 ga Oktoba, da yamma

Ban je ba.

Lahadi, 22 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Fasto ya kawo samfurin fosta. Sun ɗauki kan Baba daga hoton katinsa sun ɗora a kan jikin wani mai kwat da nakatayi, gajimare a bayansa, kurciyoyi biyu suna tashi. Baba da kwat! Mutumin da ko ranar aurena babbar riga ya sa, ita ma ta aro. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan ban san lokacin da ta koma kuka ba. Fasto ya tsaya riƙe da takardar, ya rasa inda zai sa kansa. "Maa Liya, in ba ki so launin, za mu canza."

Ya tambaye ni rana. Na ce sai Irmiya ya faɗa.

Alhamis, 26 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Na zuba koko a kwanon sha na Baba, mai citta, ba sukari, na tafi har ƙofar su Malam Husseini. Na ji tarinsa daga ciki. Na tsaya ina tsara abin da zan ce. In ya tambaye ni abin da yake tambaya kullum, me zan ce? Na ba wata mata da ke shiga, na ce ta miƙa. Na juyo.

Gobe. Gobe zan shiga, ko me zai faru.

Juma'a, 27 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Malam Husseini ya rasu yau da safe, wajen ƙarfe bakwai.

An wanke shi kafin goma. Ana sakkowa daga Juma'a aka sallace shi. Yanzu haka da nake rubutu an dawo, an shimfiɗa tabarmi, ina jin ƙarar kwanuka. Awa takwas. Ta ƙofarmu suka wuce da shi, don babu wata hanyar zuwa titi. Ina bayan labule.

Mazan cocinmu biyu ne kawai suka je haƙa, Dattijo Bulus da surukinsa. Da mukan tura goma.

Baba kwana ashirin da shida.

Asabar, 28 ga Oktoba

Ba na iya rubutu.

Lahadi, 29 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Ban je sujada ba, gidan makoki na je. Na zauna can ƙarshen tabarma wajen takalma. Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya matsa mini. Can Safara'u ta taso ta ja ni ɗaki, ta ɗaga katifar babanta ta ciro ƙunshi a cikin leda. Ta ce nasa likkafanin daban suka saya, don wannan ba nasa ba ne, ya hana a taɓa.

Na tambaye ta ko ya sha kokon. Ta ce ya sha cokali biyu, ya tambayi wa ya kawo. Na ce sai ya ce me? Ta ce, "Ki bar shi, Liya." Na matsa. Ta ce ba abin da ya ce, ƙofa ya yi ta kallo.

Yadin yana kan gadon Baba yanzu. Na rufe ɗakin.

Laraba, 1 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Yau na ƙi karɓar "mako mai zuwa". Na ce, "Irmiya, ka rantse da kabarin Mama, wace rana aka rubuta maka?" Ya yi ta kewaye-kewaye. Daga ƙarshe ya ce Fabrairu. Sha biyu ga Fabrairu, kuma ranar ganawa ce, ba ranar karɓar takarda ba.

Na ce tun yaushe ka sani? Da ƙyar ya faɗa. Tun kafin Baba ya mutu ya sani.

Na zage shi tas. Ban bar komai ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Da na gaya miki gaskiya ranar, da kin binne shi kafin la'asar. Yaya, fuskarsa kawai nake so in gani. Ko a daskare ne."

Na gaya wa Fasto. Ya ce wata huɗu ba komai ba ne, sun taɓa jiran shekara guda a kan kakarsa. Ya ce kuma ɗa namiji ne ke da magana a kan gawar uba. Na ce a garinku.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, da hantsi

Fabrairu. Kirsimeti a firji. Sabuwar shekara a firji.

Asabar, 4 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Na je garejin Abdul-Mumin, babban ɗan Malam Husseini. Yana cikin maza huɗun da na kora. Na same shi a ƙarƙashin wata mota, ya fito yana goge hannu. Na durƙusa a kan baƙin mai, gaban ma'aikatansa, da zanen cocina. Ni da na girme shi da shekara biyar.

Ya ce, "Subhanallahi, Yaya Liya, tashi." Na ce ba zan tashi ba sai na faɗi. Na faɗi duka, har kalmar. Ya ajiye tsumman hannunsa.

"Wanda ya kamata ki gaya wa ba ya nan," in ji shi. Na ce na sani.

Sai ya ce, "Makara ba ta gidanmu ba ce, ta unguwa ce. Wace rana? Ƙarfe nawa?"

Na ce Talata. Na biya ta wurin Mama Damaris da Dattijo Bulus. Mama Damaris ta tambaye ni ko Irmiya ya sani. Na ce zan gaya masa.

Litinin, 6 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Takardun binnewa sun kammala. Sun ce za su fito da shi tun yau don jiki ya saki, in ba haka ba ba zai wanku ba.

Fasto ya ce ba zai sa hannu a abin da ɗa bai yarda da shi ba. Na ce ba hannunka na zo nema ba, sanar da kai na zo yi.

Irmiya ya kira sau biyu. Na kalli wayar har ta gaji. In na ji muryarsa zan fasa, na san kaina. Na kashe ta na sa a cikin tukunyar gasara da babu komai, na rufe.

Talata, 7 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

An binne Baba da ƙarfe sha ɗaya da rabi. Kwana talatin da bakwai.

Dattijo Bulus da surukinsa suka wanke shi. Da suka fito Dattijo Bulus ya ce kada in shiga sai an rufe fuskar. Na shiga. Ba zan rubuta ba.

'Yan coci goma sha ɗaya ne. Maƙwabta ban ƙirga ba, sun cika lungu har bakin gota, sun tsaya a waje hannu a baya har muka gama waƙa. Fasto ya zo daga ƙarshe, fuska a ɗaure, ya yi addu'ar da Hausa, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ina jin ya kwana yana haddacewa. Na gode masa, ya juya ya wuce.

A maƙabarta aka ce ɗan mamaci ya shiga ya karɓi kai. Irmiya ba ya nan. Abdul-Mumin ya cire takalmi ya sauka.

Tsakar gida ta cika. Safara'u ce ke rabon ruwa.

Laraba, 8 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Na kunna waya. Saƙonnin Irmiya bakwai, da hoton wani akwati fari mai hannayen zinariya. Kafin in gama dubawa ya kira, muryarsa wasai. "Yaya, ina kika shiga? Kin ga akwatin? Irinsa nake so a yi wa Baba, na samu wani kafinta a Alajo."

Na ce, "Irmiya, mun binne Baba jiya."

Ina jin motoci suna wucewa a can wurinsu. Na ɗauka layin ya yanke. Can ya ce, a hankali, "Wa ya karɓe shi?" Na gaya masa. Ya ce, "To."

Na fara bayani, dokar coci, Malam Husseini, yadda fuskar ta koma. Ya katse ni. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Ke kullum kina ganinsa, Yaya. Shekara goma sha ɗaya kina ganinsa safe da yamma. Ni sau ɗaya na roƙa."

Ya kashe.

Juma'a, 10 ga Nuwamba, sha ɗaya na safe

Na kira sau tara, ba ya shiga. Hotonsa ma ya ɓace daga wayar. Na nuna wa Nasira mai shagon gyaran waya, ta duba, ta miƙo mini ba ta kalle ni ba. "Anti, ya toshe ki ne."

Na yi daidai. Tun safe nake gaya wa kaina haka. Har yanzu ban iya sa komai a bakina ba.